Muhawara: Idan Mai Makoki Ce Ta Yi Kisan, Me Ya Kamata Sufeto Ya Yi da Ita?

Marubuciya, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani littafi da nake rubutawa, wanda ya cije mini a babin ƙarshe. Labarin binciken kisa ne, kuma a nan Jos na kafa shi. An tsinci gawar wani dillalin filaye a cikin motarsa a gefen titin Zariya, aka damƙa wa wani sufeto binciken, ya yi ta bin sawu har ya gano cewa wata dattijuwa mai sayar da abinci ce ta zuba masa guba. Dalilinta kuwa shi ne dillalin ya sa an kashe mata ɗanta tilo shekara goma sha biyu da suka wuce a kan rikicin fili, aka kama waɗanda ake zargi, ba a jima ba aka sake su, maganar ta bi ruwa. Yanzu hujja tana hannun sufeto, kuma babu wanda ya sani sai shi. Na rubuta ƙarshen iri biyu: a ɗaya ya kama ta, a ɗayan ya yage takardar ya tafi gida. Na farkon yana yi mini kama da zalunci, na biyun kuma ina jin nauyin sa sunana a kansa. Wanne ne ya fi dacewa da irin wannan labari?

Malamin Adabi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar da ta tsayar da ke tsohuwa ce, kusan sa'ar wannan nau'in adabin ce. Littafin farko da Arthur Conan Doyle ya fito da mai bincike Sherlock Holmes a cikinsa, wato A Study in Scarlet na 1887, labarin ɗaukar fansa ne tun daga tushe. Jefferson Hope ya rasa yarinyar da zai aura, Lucy Ferrier, bayan an kashe mahaifinta an kuma aurar da ita dole ga wani, baƙin ciki ya kashe ta ba da daɗewa ba. Ya bi mutane biyun da suka aikata hakan daga Amurka har Landan, ya kama sana'ar tuƙa keken doki don ya riƙa bin su ba tare da an lura da shi ba, kuma da ya ritsa na farkon sai ya ajiye masa ƙwaya biyu, ɗaya mai guba ɗaya lafiyayya, ya ce ya zaɓa shi kuma ya haɗiye wadda ta rage, wai Allah ya yi hukunci a tsakaninsu. To, me Doyle ya yi da shi da Holmes ya kama shi? Ya sa jijiyar jini ta fashe masa a ƙirji a ɗakin da ake tsare da shi, ya mutu kafin a gurfanar da shi. A ganina wannan zillewa ce, marubucin ya ji tsoron tambayar da ke gabanki sai ya kira mutuwa ta raba gardama.

Agatha Christie ta fi shi ƙarfin hali a Murder on the Orient Express na 1934. Jirgin ƙasa da ya taso daga Santambul ya maƙale cikin ƙanƙara a Yugoslabiya, aka wayi gari an kashe wani fasinja da sukar wuƙa goma sha biyu, wasu masu zurfi wasu kamar an shafa. Ashe mutumin ya taɓa sace wata ƙaramar yarinya, Daisy Armstrong, ya karɓi kuɗin fansa alhali ya riga ya kashe ta. Uwar ta mutu wajen haihuwa saboda firgici, uban ya harbe kansa, mai rainon da aka zarga ta hallaka kanta, shi kuwa ya kuɓuce wa shari'a da ƙarfin dukiya. Waɗanda mutuwar ta shafa suka taru suka soke shi ɗai-ɗai. Mai binciken labarin, Poirot, ya kawo bayani biyu, na ƙarya da na gaskiya, ya bar jami'in kamfanin jirgin da likita suka zaɓi na ƙaryar don a gaya wa 'yan sanda. Saboda haka ƙarshenki na biyu yana da magabata, ba ke kika fara ba.

Barista, Rayfield:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina roƙon a bar ni in ɗan taka wa wannan misalin burki. Christie ta shirya wasan ne yadda mai karatu ba shi da wata mafita sai ya yafe. Babu ɗigon shakka a kan cewa mutumin ne ya kashe yarinyar, ba shi da mata ko 'ya'ya da za mu ga suna kuka, kuma tun shafukan farko an nuna mana cewa ko Poirot bai ga alheri a fuskarsa ba, har ya ƙi karɓar aikin tsaron lafiyarsa. An cire duk abin da ke sa ɗaukar fansa ta yi nauyi, sannan aka ce mu auna.

Ita kuma dattijuwar Anti Marubuciya, ta yaya ta tabbatar dillalin ne ya sa aka kashe ɗanta? Ji ta yi a gari, ko gani ta yi? A kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code, sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe rai da gangan, sassaucin da ke sashe na 222 kuwa na wanda aka tunzura ne tunzurawa mai tsanani kuma ta farat ɗaya, har hankalinsa ya gushe. Wadda ta jira shekara goma sha biyu, ta nemo guba, ta dafa abinci, ta zuba, ba ta shiga wannan rukunin ba ko kusa. Sufeton da ya ɓoye hujja kuma shi ma ya aikata laifi, kuma laifin nasa iri ɗaya ne da na waɗanda suka saki makasan ɗanta tun farko: kowannensu ya duba fuskar wanda ake zargi ya yanke cewa wannan ba za a kai shi kotu ba.

Tsohon Sufeto, Bukuru:
Barista ta faɗi doka. Ni bari in yi wa 'yata Marubuciya magana a kan aikin, domin akwai rami a labarin tun kafin a kai babin ƙarshe. Idan dillalin nan Musulmi ne, aka tsinci gawarsa da hantsi babu rauni babu jini, to kafin la'asar danginsa sun cika caji ofis suna neman a ba su gawa. Babban wa zai zo da limamin unguwa da mai unguwa, su ce sun yarda ajali ne, ba su son a yanka musu ɗan'uwa, su sa hannu a takarda cewa ba su buƙatar binciken likita. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Ta ina sufetonki zai san guba ce? Littattafan Turawa duka a kan gawa suke tsayawa, tana kwance a mutuware likita yana auna sa'ar mutuwa, mu kuwa gaggauta jana'iza addini ne kuma girmama mamaci ne. Wanda zai rubuta labarin bincike da Hausa dole ya fara warware wannan, in ba haka ba duk wanda ya taɓa aikin zai ajiye littafin a shafi na goma.

Abu na biyu, game da masu makoki. A shekarun da na yi a sashen binciken manyan laifuka, ba mai ihu a bakin kantar caji ofis yana rantsuwa sai ya rama ne yake tayar mini da hankali ba, wannan yakan huce kafin sadakar bakwai. Wanda nake sa wa ido shi ne ƙanen mamaci da ke zaune a ƙarshen benci, bai ce uffan ba, da aka ce "mun bar wa Allah" bai amsa ba, sai da za su fita ya dawo ya tambaye ni a hankali ko mutanen da muka kama za a ba da belinsu, kuma yaushe.

Hajiya, Gangare:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake yi, amma maganar ta taɓa ni. Ƙanena ya fita a rikicin watan Satumba na 2001, har yau ba mu ga gawarsa ba. Abin da nake gani a littattafan nan shi ne marubuta ba su san makoki ba, dalilin kisa kawai suka mayar da shi. Sai a babin ƙarshe ake buɗe shi kamar an buɗe akwati, a ce ashe wance ta yi ne saboda ɗanta, shi ke nan an rufe littafi. Alhali baƙin ciki ba a ranar mutuwa yake ba, ranar gida cike yake da mutane, ana ta shigowa da kwanukan abinci. Yana farawa ne bayan sadakar arba'in, lokacin da aka naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta daɗe tana auna shinkafa da kason yaron nan a ciki, sai an kwashe a ga kwano ɗaya ya yi saura, babu mai iya cewa komai, a miƙa wa almajiri.

Kuma in gaya miki gaskiya, ƙanwata, ban taɓa jin ta ce a kashe wani ba. Abin da ta mutu tana nema shi ne wani ya zo ya zauna ya gaya mata inda abin ya faru, da wanda ya yi, da inda aka sa shi, ko ya sha wahala ko bai sha ba. Dattijuwarki ta fi mahaifiyata sa'a, ta ga gawa, ta san kabari. Mace irin wannan ba za ta tashi haka kawai bayan shekara goma sha biyu ta nemi guba ba, sai dai in wani sabon abu ya fama mata ciwon. Da ni ce ke, zan sa dillalin ya zo rumfarta ya zauna ya ci abinci, ya yaba miyar, ya kira ta Mama, ya bar mata canji, bai ma gane ta ba.

Ɗalibi, Nasarawa Gwong:
Allah ya jiƙan ƙanen Hajiya da Mama. Ni dai a matsayina na mai karatu, in sufeton nan ya kama tsohuwar nan ba zan ƙara sayen littafin Anti ba. Hausawa sun ce rama cuta ga macuci ibada ne, kuma Alƙur'ani da kansa ya ce akwai rayuwa a cikin ƙisasi. Hukuma ta ƙi yi mata adalci, ta yi wa kanta. Muna karanta irin waɗannan labarai ne don mu ga abin da ba ma gani a gari, wato azzalumi ya gamu da gamonsa.

Malamin Makaranta, Anglo-Jos:
Ɗana Ɗalibi, maganarka ita ce ainihin abin da ke ba ni tsoro, kuma ina faɗin haka a matsayin Kirista da ya girma a tsakiyar Musulmi a garin nan. A cikin littafi fansa ba ta kuskuren adireshi, marubuci ya riga ya tabbatar mana da mai laifi. A Jos kuwa mun ga yadda take aiki a 2001 da 2008 da 2010: wanda ya yi kisan ya daɗe da tserewa, wanda ake tarewa a hanya ɗan acaɓa ne ko mai tallan doya da bai san hawa ba bai san sauka ba, laifinsa kawai sunansa ko unguwar da ya fito. Gobe danginsa su ma su tare wani. An kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Niki Tobi bayan rikicin 2001, aka kafa na Bola Ajibola bayan na 2008, amma talakan da ya rasa ɗansa bai ga an zo ƙofar gidansa da amsa ba, kuma a wannan giɓin ne ramuwar gayya take tsiro. A wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura 12 aya 19, an hana mu ramawa da kanmu, aka ce a bar wa Ubangiji. Ban ce littafi ya zama wa'azi ba, amma wanda zai rubuta labarin fansa ya kafa shi a Jos, ya san yaran da za su karanta wasunsu marayun waɗannan shekarun ne.

Alaramma, Dilimi:
Ina ƙara wa Ɗalibi bayani a kan ayar da ya jawo, domin rabinta ya ɗauko. Ayoyi na 178 da 179 na Suratul Baƙara da suka wajabta ƙisasi, su ne kuma suka buɗe ƙofar afuwa da diyya, suka kira hakan sauƙi da rahama daga Ubangiji. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i ta ba waliyyin wanda aka kashe da zalunci hujja, amma nan take ta hana shi wuce iyaka. Malamai kuma sun tafi a kan cewa ba a zartar da ƙisasi sai bayan laifi ya tabbata a gaban alƙali, da shaidu ko iƙirari ko rantsuwar ƙasama (rantsuwa hamsin da dangin mamaci ke yi), kuma da izinin shugaba. Zato, ko da ya yi ƙarfi, ba ya halatta jini.

Amma akwai abin da nake so Malama Marubuciya ta lura da shi. A shari'ar Ingila, inda wannan adabi ya yi ƙarfi, hukuma ce mai ƙara, dangin mamaci 'yan kallo ne ko shaidu, ba a tambayarsu abin da suke so. Shi ya sa a littattafansu mai makoki ba shi da hanyar shigowa sai ta taga, da wuƙa a hannu. A fiƙihunmu kuwa magada suna da kujera a gaban alƙali, su ne za su ce a kashe, ko a biya, ko sun yafe. To, dillalin nan ba shi da 'ya'ya ne? Yau su ne waliyyan jini, kamar yadda tsohuwar take jiya. Me ya sa sufeto shi kaɗai zai yanke hukunci a cikin motarsa, alhali akwai masu haƙƙi da ba su ma san mahaifinsu ya taɓa sa an kashe ɗan wani ba?

Malamin Adabi, Tudun Wada:
Alaramma ya buɗe ƙofa ta uku, kuma ta fi biyun farko. Ina so in ƙara da cewa adabinmu ma ya daɗe da gane abin da Malamin Anglo-Jos ya faɗa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930, labarin fansa ne: attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama, kuma asirin bai faɗa kan kowa ba sai ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda ya lalace ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa. Yaron da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi laifin, shi ya biya.

Ita kuma Hajiya, maganarta ta tuna mini da littafin Friedrich Dürrenmatt, marubucin ƙasar Suwizalan, Das Versprechen na 1958. Jami'in bincike ya yi wa uwar wata yarinya da aka kashe rantsuwa cewa sai ya gano makashin. Ya bar aikinsa, ya kama gidan mai a bakin hanyar da ya lissafa mutumin zai bi, har ya yi tarko da wata yarinyar. Lissafinsa daidai ne, amma makashin ya yi hatsarin mota ya mutu a hanyarsa ta zuwa, jami'in bai sani ba, ya tsufa a gidan man yana jira, giya ta cinye shi. A nan makokin ya tashi daga kan uwar ya koma kan mai binciken. Ban yarda da Ɗalibi cewa aikin littafi shi ne ya ba mu abin da gari ya hana mu ba, amma ban kuma yarda a ɗora wa marubuciya nauyin tarbiyyar duk marayun Jos ba. Aikinta ta sa mu ji nauyin gidajen biyu daidai, abin da Christie ta ƙi yi.

Barista, Rayfield:
Gyara kaɗan don kada labarin ya yi karo da doka. Filato ba ta cikin jihohin da suka ɗauki shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuka, saboda haka ko 'ya'yan dillalin sun yafe, yafiyarsu ba ta rufe ƙarar kisa ba. Wanda ke da ikon janye ƙara shi ne babban lauyan jiha, a ƙarƙashin sashe na 211 na tsarin mulkin 1999, gwamna kuma yana da ikon afuwa a sashe na 212 bayan an yanke hukunci. Wannan ma abin rubutu ne: 'ya'yan mamaci suna hawa matakalar ma'aikatar shari'a suna roƙon a saki wadda ta kashe ubansu, ko kuma su rabu biyu, babban ya yafe, ƙaramar ta ce ita sam.

Ɗalibi, Nasarawa Gwong:
Na ji bayanin Alaramma kuma na karɓa ta fuskar hukunci. Amma har yanzu ina nan a kan cewa idan tsohuwar nan ta ƙare a gidan yari, su kuma waɗanda suka riƙe wuƙar suka kashe ɗanta suna yawo a gari, to littafin ya goyi bayan masu kuɗi ne, ko da marubuciyar ba ta yi niyya ba.

Marubuciya, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, zan ɗauki zuwan dillalin rumfar, in kin yarje mini, kuma zan dawo da makokin tsohuwar farkon littafi a maimakon in ɓoye shi, ko da hakan zai sa mai karatu ya zarge ta da wuri. Zan ba dillalin 'ya mace wadda take ƙaunarsa, ita ce ma za ta riƙa zuwa ofis tana matsa wa sufeto. Ƙorafin Ɗalibi kuma yana da ƙarfi, don haka duk abin da zai faru da tsohuwar, sai an sake buɗe fayil ɗin ɗanta. Ban yanke ko za a ɗaure ta ba tukuna. Saura ramin da Baba Sufeto ya nuna mini: Baba, ta wace hanya za a gano gubar ba tare da na mayar da dangin mamacin wasu irin mutane da ba a samu a garin nan ba?

Tsohon Sufeto, Bukuru:
Hanya tana nan, 'yata. Ki sa ya yi amai a cikin motar kafin ya cika, kurtun da ya fara isa wurin kuma ya zama mai hankali, ya kwashe shimfiɗar ƙasan motar da robar abincin da ya tarar a kujerar baya ya sa a leda ya rubuta a littafin ajiyar kayan shaida. Dangi su karɓi gawarsu su binne yadda aka saba. Bayan mako biyu 'yar nan tasa ta ji wata magana a wajen zaman makoki, ta zo ta tayar da batun, sufeto ya tura kayan ɗakin gwaje-gwaje, ya yi ta jiran sakamako wata da watanni, domin haka abin yake. In sakamakon ya nuna guba, majistare yana da ikon ba da umarnin a tono gawa, kuma a nan za ki samu babi guda cur, saboda baffannin yarinyar ba za su yarda a taɓa kabarin ba sai an kai ruwa rana. Ki kuma tuna robar abincin ba ta da suna a jiki, masu sayar da abinci a Terminus duk irinta suke zubawa, don haka sai kin nemo wa sufeton wani abu a cikin miyar da ba kowa ke sawa ba.